Maƙerin Oshogbo da Ciwo Ya Raba da Wuta

A wajajen 1960 ciwo ya kwantar da wani maƙeri a Oshogbo, can ƙasar Yarabawa, mai suna Asiru Olatunde. Ya tashi daga jinyar, amma jikinsa bai ƙara yarda da maƙera ba. An haife shi a 1918, ke nan shekarunsa 42, lokacin da maƙeri yake kan ganiyarsa, hannu ya faɗa, ido ya san launin ƙarfe idan ya nuna a wuta. Ƙira kuwa gadon gidansu ce, a cikinta ya buɗe ido. Duk wanda ya taɓa zama gefen maƙeran baƙi ya san abin da aikin nan yake ci a jikin mutum. Ga hucin gawayi a fuska, ga hayaƙi a ƙirji, ga masaba da za a yi ta ɗagawa ana saukewa kan uwar maƙera tun hantsi har rana ta yi sanyi. Ranar da damtse ya gaza, ranar cefane ya tsaya.

Ko da ma lafiyarsa ƙalau, sana'ar ta riga ta fara ja da baya. Adda mai tambarin kada da ake ƙerawa a Birmingham ta Ingila ta cika kasuwannin kudu. Kwaɗo da ƙusa da wuƙa duk jirgin ruwa ne yake sauke su a Ikko, jirgin ƙasa ya raba su gari-gari, kuma Oshogbo tana bakin layin dogo. Maƙerin da kakansa ya ƙera wa gari duk abin da ake noma da farauta da shi, sai ga shi yana komawa mai gyaran abin da wasu suka ƙera.

Abin da ciwo ya bar wa Asiru shi ne yatsu da ido. Sai ya koma zaune yana yanka guntayen jan ƙarfe da gwangwanaye, yana fitar da 'yan kunne da ƙananan siffofin dabbobi, ana saye a kasuwa. A lissafin maƙeran Kano sai a ce ya tashi daga ƙirar baƙi ya koma ƙirar fari, wadda ta fi bukatar natsuwa fiye da ƙarfin tuwo. Neman abin sawa a baka ne ya kai shi, babu wani buri na suna a ciki.

Masu rubuta tarihinsa suna ba da labarin cewa wata rana wani Bature da ke zaune a unguwarsu ya tsinci ɗan ƙaramin zaki na jan ƙarfe cikin rairayi a ƙofar gidansa. Abu ne ɗan mitsitsi, wanda mutum ɗari za su taka su wuce. Shi kuwa ya sunkuya ya ɗauka, ya jujjuya shi, ya ga cewa hannun da ya yanka wannan zakin ba na koyo ba ne. Da ya yi cigiya, sai aka nuna masa maƙwabcinsa, maƙerin nan da ya daina ƙira.

Baturen shi ne Ulli Beier, haifaffen Jamus a 1922, wanda ya zo Najeriya a 1950 don koyarwa a kwalejin jami'a ta Ibadan. Aikinsa na koyar da manya a wajen harabar jami'a ya sa ya zauna a garuruwan Yarabawa, daga Ede zuwa Ilobu har ya yada zango a Oshogbo, tare da matarsa ta lokacin, Susanne Wenger, mai zane 'yar ƙasar Ostiriya da aka haifa a Graz a 1915. Ita ce wadda ta ƙare rayuwarta a garin har ta rasu a 2009, bayan ta shafe shekaru tana farfaɗo da kurmin Osun, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Oshogbo a wancan zamani gari ne na marina, sunanta ya yi nisa a harkar shuni yadda na Ƙofar Mata ya yi a wajenmu a Kano, kuma gari ne na makaɗa da masu wasan kwaikwayo. A 1962 Beier da shahararren ɗan wasan nan Duro Ladipo suka buɗe zauren Mbari Mbayo, inda ake wasa, ake kuma rataye zane a bango don jama'a su gani.

Tun a 1961 Beier da Wenger suka fara sayen abin da Asiru yake yi, suna tallata shi wajen abokansu, suna kuma zuga shi ya gwada abin da ya fi ɗan kunne girma. Daga yanka siffa ɗaya ya koma jera siffofi a kan fallen ƙarfe guda. Jan ƙarfe yana da tsada, ba kullum ake samun babban falle ba, sai ya juya ga alminiyum, wanda a daidai lokacin ya fara yawa a ƙasar saboda kwanon rufi da tukwane. A nan ne mutumin ya sami abin da ya dace da jikinsa. Alminiyum nauyinsa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na baƙin ƙarfe ba, kuma yana da taushi. Hausawa sun ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, amma wannan a sanyi ake dukansa. Babu zuga, babu gawayi, babu awartaki. Mutum zai iya shimfiɗa falle a gabansa, ya zauna a inuwa da 'yar guduma da madoshi, ya yi yini guda yana aiki.

Yadda aikin yake ya cancanci a tsaya a kalle shi da kyau, don a nan ne gwanintar take. Da farko za a fitar da zanen a fuskar fallen, a bi layukansa da ɗan ƙarfe mai baki ana ƙwanƙwasawa har su zauna. Sannan a koma ga filin da ke tsakanin siffofin, a bi shi da madoshi, ɗigo bayan ɗigo, kowane bugu ya bar ɗan rami mitsitsi kusa da ɗan'uwansa. Duk inda aka buga, ƙarfen yana buɗewa ya nutse ƙasa kaɗan. Inda ba a taɓa ba sai ya kumbura ya taso. Da haka giwa ko kifi ko ganyen bishiya yake fitowa sumul yana ƙyalli, bayansa kuma ya yi dishi-dishi kamar rairayin da yayyafi ya taɓa. A babban falle, bugun ya kai dubbai masu yawa, kuma tilas nauyinsu ya zo ɗaya. In hannu ya yi nauyi, falle ya huje. In ya yi sanyi, siffa ba za ta tashi ba. In aka cika bugun gefe guda aka bar ɗaya, fallen duka ya karkace ya ƙi kwanciya a bango. Babu fenti da zai rufe kuskure, babu gogewa. Wannan sanin ba a zauren Mbari Mbayo Asiru ya samo shi ba. Shekarun da ya yi yana auna bugun masaba a kan jan garwashin ƙarfe su ne suka koma cikin 'yar gudumar.

Abin da ya riƙa fitarwa a fallayen nan shi ne duniyar da ya sani. Mafarauta da namun daji, mata da tulu a ka, makaɗa, mahaya, kifayen kogin Osun, labaran kafuwar garinsu da tatsuniyoyin da ya ji tun yana yaro. Akwai wata babbar bishiya da ya yi ta maimaitawa, rassanta sun bazu sun cika falle, tsuntsaye da birai a kowane reshe, mutane da dabbobi a gindinta. Ba ya barin fili a banza, kuma ba ya bin ƙa'idar nesa da kusa ta Turawa. Abin da ya fi muhimmanci a labarin shi yake ba wa girma. Asiru Musulmi ne, kamar mutanen Oshogbo da yawa, kuma makaɗi ne da aka sani a bukukuwan gargajiya na garin. Da coci-coci suka fara ba shi aiki, ya fitar musu da labaran littafinsu. Bankuna da otal-otal suka biyo baya, suna neman manyan fallayen da za su rufe bango ko ƙofa. Aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya jawo 'ya'ya da 'yan'uwa yana koya musu, gidan da aka san shi da ƙirar baƙi ya koma gidan bugun alminiyum.

Kafin 1970 an riga an nuna aikinsa a Landan da wasu biranen Turai. Daga baya ya kai Washinton, aka baje shi a hedikwatar Asusun Ba da Lamuni na Duniya, gidajen tarihi na Smithsonian kuma suka ajiye wasu daga ciki. Ya rasu a 1993, bayan ya yi sama da shekara 30 a sana'arsa ta biyu. A 2000 gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian ya shirya baje koli na musamman kan masu fasahar Oshogbo na shekarun 1960, da fallayen Asiru a ciki. Har yau akwai masu wannan bugu a Oshogbo, cikin zuriyarsa da waɗanda suka koya a hannunsu.

An daɗe ana muhawara a kan mutanen Oshogbo. A Zariya, tun 1958, ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiyarsu a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suna neman haɗa ilimin aji da gadon gida. Cikin masu ilimin zane na boko akwai waɗanda suka riƙa yi wa na Oshogbo kallon 'yan koren Turawa: Bature ya zaɓo su, Bature ya saya, abin da Bature yake so a gani shi suke yi. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, don yawancin masu sayen farko baƙi ne. Amma a kan Asiru ni ban yarda da ita ba. An riga an yanka zakin nan kafin a tsince shi. Beier ya bar Oshogbo a 1966, maƙerin kuwa ya ci gaba da aikinsa fiye da shekara 20 bayan haka. Abin da Beier ya kawo shi ne ido da kasuwa, kuma ba ƙaramin abu ba ne, don ƙarfe ɗaya ba ya amo. Da bai sunkuya ba, wataƙila da Asiru ya ƙare a mai 'yan kunnen kasuwa, da kuma babu wanda zai san abin da aka yi asara.

Wannan asarar da ba a sani ba ita ce ta sa nake ba da labarin a Kano. Garin nan da ƙarfe aka kafa shi. Tarihin baka ya ce Abagayawa maƙera ne da suka taso daga Gaya suna neman tama, suka zauna a gindin Dala, kuma masu tonon tarihi sun sami alamun narkar da tama a wurin tun ƙarni na 7. Sarautar Sarkin Maƙera tana nan. Wanda ya shiga Gidan Makama zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da aikin ƙarfen da ke jikinsu. Da zamani ya juya, sai wani sabon jinsin maƙera ya taso a gefen gari. Bompai ce ta fara, kusa da layin dogo, sannan Sharaɗa da rukunanta uku, sannan Challawa a bakin kogi, inda majemu suka fi yawa. A Bompai aka riƙa haɗa kekunan Raleigh. A Kano aka riƙa buga kwanukan da suka cika ɗakunan amare daga nan har Damagaram. A hanyar Zariya aka haɗa manyan motocin Fiat. Masaƙu da matatun man gyaɗa da kamfanonin alewa da na roba, kowanne yana da ɗakin gyara a bayansa, inda fitoci da masu walda da masu feƙe ƙarfe a inji suke. In haƙorin wani inji ya karye, ga shi kuma sai an jira wata da watanni kafin a kawo sabo daga Turai, su ne za su auna tsohon, su fitar da wani a daren.

Kowa ya san abin da ya biyo baya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara da ɗanyen kaya na waje suka gagari saye. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, man janareta ya cinye riba, kayan Sin masu araha suka cika Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari. Masana'antu ɗaruruwa suka rufe, wasu suka koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su. Idan ana wannan magana, jari da gine-gine da yawan guraben aiki ake lissafawa. Ba kasafai ake tambayar ina hannuwan suka tafi ba. Wasu sun buɗe shagon walda a bakin titi, suna ƙera get da ƙarfen taga da gadon ƙarfe. Wasu sun koma gadi, har a ƙofar kamfanin da suka yi wa aiki. Wasu sun hau acaɓa, da aka hana ta a 2013 suka koma Adaidaita Sahu. Da yawa yanzu sun tsufa, suna zaune a dakalin ƙofar gida, mutanen da za su iya gane kaurin falle da taɓawar yatsa biyu, ba mai tambayarsu komai. Asiru ciwo ne ya raba shi da wuta. Su kuwa kwaɗo aka sa wa ƙofa suna da sauran ƙarfinsu.

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar mai karatu a nan, kuma yana da hujja. Hukuncin malamanmu a kan siffanta abu mai rai sananne ne, ba kuma ina kiran maƙerin Kano ya yi giwa da mutum ba ne don an yi a Oshogbo. Ba ya ma bukata. Gadon zanenmu bai taɓa dogara da fuska ba. Dubi dagi da sauran zanen da magina suka yi wa bangayen Kano da Zariya, dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zanen ƙwarya, da adon sirdi da linzami, da zayyanar da ake yi wa allon mai sauka. Duk wannan layi ne da ƙulli da maimaici, irin abin da ƙarfe ya fi komai iya riƙewa. Bishiyar da Asiru ya fi shahara da ita ma, in aka sauke tsuntsayen, rassa ne da ganye.

Akwai kuma ƙarfen da zamanin nan ya kawo mana wanda Asiru bai yi aiki da shi ba, wato wanda ba ya tsatsa, masu walda suna ce masa sitenles. A Sheffield ta Ingila aka dace da shi a watan Agusta na 1913, a hannun Harry Brearley, ɗan ma'aikacin ƙarfe, wanda ya bar makaranta yana shekara 12 ya shiga masana'anta leburanci, daga nan ya koma mai wankin kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje, har ya zama masani. Yana neman ƙarfen da zai jure zaizayar cikin bututun bindiga ne, sai ya lura cewa wanda ya zuba wa kuromiyom kusan kashi 13 cikin 100 ba ya jin ruwan asid, ba ya kuma tsatsa. Sirrin shi ne kuromiyom yana haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani a fuskar ƙarfen, in aka karce ta sai ta sake rufewa da kanta. Sai kuromiyom ya kai kashi 10.5 cikin 100 ake kiran ƙarfe da wannan suna. Irin wanda aka fi yin cokula da tukwane da shi yana da kashi 18 na kuromiyom da kashi 8 na nikel, kuma mayen ƙarfe ba ya kama shi sosai. Shi ya sa za ka ga mai sayen tsofaffin ƙarafa a Ƙofar Ruwa yana yawo da guntun mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar sifika. In ya manna ya ga ya zame, sai ya ware wannan gefe, don kuɗinsa daban ne.

Ƙarfe ne mai taurin kai. In ka buge shi sai ya ƙara tauri, don haka hanyar Asiru ta ɗigo-ɗigo tana wahala a kansa. Ba ya watsa zafi da sauri, sai ya tara shi wuri guda, mai gaggawa yana cikin walda zai ga falle ya lanƙwashe a gabansa. Waldarsa mai tsabta sai da iskar agon, wadda take kare narkakken ƙarfen daga iskar gari har ya daskare. Gwani yana gane aikinsa daga launin ɗinkin: in ya fito ruwan zinariya, hannu ya yi daidai, in ya yi shuɗi mai duhu ko toka-toka, an ƙona shi. Kuma faifan gurza ko buroshin da ya taɓa baƙin ƙarfe ba ya zuwa kansa, in ba haka ba ɓurɓushin da ya bari zai fito da jan tsatsa a damina ta farko, mai gida ya ce an cuce shi da jabu. Aiki ne na mai haƙuri wanda ya daɗe yana hulɗa da ƙarfe, ga shi kuma fallensa siriri ne, ba ya neman ƙarfin saurayi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yau sitenles ya cika sababbin unguwannin Kano, a madafar matakala da baranda da ƙofofin get da tulluwar hasumiyar masallatai. Sai dai kusan duka zubi ɗaya ne: bututu, ƙwallo a kai, fure da aka shigo da shi a kwali aka liƙa. Mai gida yakan zo da hoto a wayarsa ya ce, "Malam, irin wannan za ka yi mini." Ban ga laifin mai waldar ba, abin da aka biya shi ya yi. Abin da ba a cika ji ba shi ne mai kuɗi ya dubi dattijon da ya yi shekara 30 a ɗakin gyaran masaƙa ya ce, "Baba, ga falle, fitar mini da abin da ke ranka." Kusan abin da aka ce wa Asiru ke nan a 1961.

Wanda ya nuna wa duniya iyakar abin da wannan ƙarfe zai iya, shi ma daga masana'anta ya fito. David Smith, Ba'amurke da aka haifa a 1906, ya yi aikin ƙarfe a kamfanin motoci na Studebaker a 1925, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya yi waldar tankokin yaƙi da kawunan jirgin ƙasa a Schenectady. Daga 1961 har hatsarin motar da ya kashe shi a 1965 ya ƙera jerin ayyuka 28 na sitenles da ya kira Cubi. Babu fuska ko dabba a cikinsu, akwatuna ne da ganguna na ƙarfe da aka ɗora wani kan wani, wasu a karkace kamar za su faɗo, an bi fuskarsu da injin gurza ana murzawa ta yadda hasken rana zai riƙa yawo a kai daga safiya zuwa yamma. A 2005 aka sayar da na ƙarshensu dala miliyan 23.8.

Amma abin da ya fi tsaya mini a tarihinsa shi ne abin da ya faru a Italiya a 1962. Ana shirin bikin fasaha a garin Spoleto, sai kamfanin ƙarfe na Italsider ya buɗe masa wasu masana'antunsa da aka rufe a Voltri, kusa da Genoa, ya haɗa shi da 'yan ma'aikata, aka ce duk abin da ya samu a ciki nasa ne. Ya tarar da awartakai da ƙafafun amalanke da guntayen falle da kayan aikin da mutanen wurin suka ajiye ranar da aka tashe su. Cikin kwana 30 shi da ma'aikatan suka fitar da ayyuka 27, aka jera da yawansu a tsohon dandalin wasannin Rumawa na Spoleto. Da zai koma gida, ya sa aka loda masa ragowar ƙarafan a jirgin ruwa zuwa Amurka, ya ƙera wasu fiye da 20 da su.

A Bompai da Sharaɗa da Challawa akwai irin waɗannan zaurukan, rufinsu na yoyo, ciyawa ta fito ta tsagar daɓe, mutanen da suka san sunan kowane inji a ciki kuma suna nan da ransu a Dakata da Kawaji da Ja'en da Panshekara. Injinan da suka rage, in mai su ya gaji da jira, masu yanka ne suke zuwa da tukunyar gas su daddatsa su, a ɗora a sikeli a biya kilo-kilo, tirela ta kwashe zuwa kamfanonin narka ƙarfe na wajen Ikorodu, su dawo mana a rodin gini.